Yadda Ake Renon Sabon Mai Bi, Daga Ranar Tuba Har Ya Tsaya da Ƙafarsa

Bayan taron farkawa ko fitar bishara, abin da ke saura a hannun fasto shi ne takarda cike da sunaye. Mutane sun ɗaga hannu, sun fito gaba, an yi musu addu'a, kowa ya koma gida da murna. A ɗauko takardar nan bayan wata uku a kira sunayen a majami'a, sai a tarar da yawa babu wanda ya san inda suke. Akan ce Shaiɗan ya ɗauke su. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa an yi haihuwa ne ba a yi reno ba. Tun shekarun 1960 da aikin bishara mai suna Sabon Rai Don Kowa ya bazu daga Jos, ikkilisiyoyin arewa sun ƙware a fita wa'azi. Inda muke da rauni shi ne abin da ke biyo baya. Umarnin Ubangiji Yesu a Matiyu 28:19-20 kuwa bai tsaya kan wa'azi ba: a almajirtar, a yi baftisma, a koya wa mutane kiyaye duk abin da ya umarta.

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa sabon mai bi ne, ko dattijo, ko mai bishara, ko 'yar Zumuntar Mata, ko matashi mai ƙwazo. Namiji ya reni namiji, mace ta reni mace, kuma kada mutum ɗaya ya ɗauki fiye da biyu ko uku a lokaci guda, don reno yana cin lokaci.

Zama na farko

Kada kwana biyu su wuce ba ka neme shi ba. Ka tambaye shi inda ya fi masa sauƙin haɗuwa, domin ba kowane gida ne zuwanka zai zame masa alheri ba. Bayan gaisuwa, ka bar shi ya yi magana. Tambaya ɗaya ta isa ta buɗe zancen: “Me ya sa ka fito gaba ranar nan?” Za ka ji amsoshi iri-iri. Wani ciwo ya dame shi, wani bashi, wani tsoron mayu, wani yana neman auren wata 'yar majami'a, wani kuwa abokinsa ne ya tashi shi ma ya bi. Kada ka raina ko ɗaya, Allah yakan jawo mutum ta hanyar buƙatarsa. Amma kada ka ɗauka cewa duk wanda ya fito ya gane bishara. A Yahaya 6:26 Yesu da kansa ya gaya wa taron da ke binsa cewa gurasar da suka ci suka ƙoshi ce ta kawo su.

Saboda haka ka sake shimfiɗa masa bisharar a hankali, cikin minti goma sha biyar ko ashirin: Allah mai tsarki ne kuma shi ya halicce mu, dukanmu mun yi zunubi, hakkin zunubi kuwa mutuwa ne (Romawa 3:23 da 6:23), Almasihu ya mutu a madadinmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku (1 Korantiyawa 15:3-4), abin da ake nema ga mutum shi ne ya tuba ya ba da gaskiya. Sa'an nan ka ce ya maimaita maka da bakinsa, kamar zai gaya wa ƙanensa. A nan ne za ka ga inda ramin yake. Idan Hausa ba harshen uwarsa ba ce, ka bar shi ya faɗa ya kuma yi addu'a da Birom ko Angas ko Bura ko Tangale, duk harshen da yake kuka da shi.

Ka bambanta masa nadama da tuba. Ɓarawon da aka kama a kasuwa yana kuka, amma kukan kamun yake yi, da ya tsira gobe zai koma. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki biyu, wanda ke kai ga tuba da ceto, da na duniya mai kai ga mutuwa. Yahuza ya yi nadama har ya mayar da kuɗin da ya karɓa don ba da Yesu, amma bai koma wurin Ubangiji ba. Bitrus, bayan ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, ya kuma dawo. Tuba juyowa ce mai fuska biyu, mutum ya ba zunubinsa baya, ya fuskanci Almasihu. Ka kuma gaya masa a fili cewa addu'ar da ya maimaita bayan mai wa'azi ba laya ba ce. Kalmomin ba su da wani asiri a cikinsu. Romawa 10:9-10 ta haɗa shaidar baki da gaskatawar zuciya, ɗaya ba ta tafiya ba tare da ɗayar ba.

Akwai kuma wanda aka haifa a cikin ikkilisiya, yana da sunan baftisma, ya yi makarantar Lahadi, wataƙila ma yana cikin mawaƙa. Irin wannan ya fi wuyar taimako, don ya san amsoshin da baki. Ka tambaye shi: “In Allah ya kira ka yau, da me za ka tsaya a gabansa?” Idan amsar ta fara da jerin abin da ya yi, ba ya shan giya, yana ba da zakka, ba ya fashin sujada, to ku karanta Luka 18:9-14 tare, labarin Bafarisiye da mai karɓar haraji. Sai dai kada ka matsa masa lallai sai ya faɗi rana da watan da ya tuba. Timoti tun yana jariri ya san Littattafai (2 Timoti 3:15), kuma akwai masu bi na gaske da ba su iya nuna ranar ba. Abin tambaya shi ne ga wa yake dogara yanzu.

Tabbacin ceto

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin wanda bai san matsayinsa a gaban Allah ba, bautarsa ta tsoro ce, kuma mai tsoro ba ya nisa. Mutanenmu da yawa sun taso da tunanin cewa babu mai iya sanin makomarsa sai ranar da aka auna ayyuka, har suna jin cewa faɗin “na sami ceto” cika baki ne. Da ceto ladan aiki ne, da gaskiyarsu. Amma Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri ne, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Wanda ya ce an ba shi kyauta, mai kyautar yake yabo.

Kuskuren da masu reno suka fi yi shi ne su ba da tabbacin da bakinsu: “Ai ka yi addu'a, ka sami ceto, kada ka ƙara shakka.” Tabbacin da ya rataya ga maganarka zai faɗi ranar da ba ka nan, ko ranar da kai da kanka ka ba shi kunya. Ga yadda ya fi. Ka buɗe 1 Yahaya 5:11-13, ka miƙa masa ya karanta da kansa, sau biyu. Sa'an nan ka yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kana jira ya nemo amsar a cikin ayar. Wa ya bayar? Me ya bayar? Wannan rai a ina yake? Wa ke da rai, wa kuma ba shi da shi? Me ya sa Yahaya ya ce ya rubuta wannan? Idan ya kai aya ta 13 ya ga an rubuta ne domin masu ba da gaskiya su sani suna da rai madawwami, ka yi shiru ka bar maganar ta zauna masa.

Misalin gona yakan taimaka. Mutum ya sami gona, an biya kuɗinta cif, mai unguwa ya sa hannu a takarda a gaban shaidu. Ranar da ya tashi da zazzaɓi gonar tasa ce, ranar da ya tashi da fara'a ma tasa ce, don mallakar ta tsaya kan kuɗin da aka biya da takardar da aka rubuta. Jinin Almasihu shi ne kuɗin, alkawarin Allah shi ne takardar. Jin daɗin zuciya yana hawa yana sauka kamar ruwan rafi, ba a gina ɗaki a kansa.

Ka ba shi aya ɗaya ya haddace kowane mako har mako shida: Yahaya 5:24, Yahaya 6:37, Yahaya 10:27-29, Romawa 8:1, Afisawa 2:8-10 da 1 Yahaya 1:9. Ka lura an haɗa da aya ta 10 ta Afisawa 2, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Masu tsayawa a ta 9 sukan reni mutanen da ke ganin ceto izinin zaman banza ne.

Bayan alkawarin akwai shaidu biyu da ke mara masa baya. Na farko Ruhu Mai Tsarki ne, wanda Romawa 8:15-16 ta ce yana shaida tare da ruhunmu cewa mu 'ya'yan Allah ne. Ka bayyana masa cewa wannan ba lallai ya zo da faɗuwa ƙasa, ko rawar jiki, ko mafarki ba. Sau da yawa alamarsa ita ce mutum ya iske zuciyarsa tana kiran Allah Uba, tana gudu zuwa gare shi a lokacin wahala, zunubin da dā yake yi hankali kwance yanzu yana hana shi barci. Shaida ta biyu canjin rayuwa ce. Wasiƙar Yahaya ta fari tana ta komawa kan abu uku: shaida Yesu shi ne Almasihu Ɗan Allah, kiyaye umarnansa, da ƙaunar 'yan'uwa. Wannan a kan watanni ake aunawa, ba kwanaki ba, kuma abin dubawa shi ne inda mutum ya dosa. Yabanya ba ta da zangarniya, amma manomi ya san ta da rai in ya ga tana ƙara ganye. Sau da yawa matar mutum ko abokin sana'arsa sukan riga shi ganin canjin.

Shakka za ta zo, gara ka faɗa masa tun kafin ta iso. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka in ta zo ka nemi sanadinta. Mafi yawa zunubi ne da ya sake faɗawa ciki, sai ya ce ashe tubar tasa ƙarya ce. Ka kai shi 1 Yahaya 1:9 zuwa 2:2, ya furta zunubin da sunansa, ya gyara abin da ke gyaruwa. Ɗan da ya ɓata wa mahaifinsa rai zumuncinsu ya taɓu, amma bai daina zama ɗa ba. Wani kuma murnar makonnin farko ce ta lafa, sai ya zaci Allah ya bar shi. Wani ya karanta Markus 3:28-30 ya firgita ko ya yi saɓon Ruhu Mai Tsarki. Ka nuna masa cewa an faɗi maganar ce ga waɗanda suka ga aikin Yesu da idonsu suka ce na aljanu ne, kuma wanda ke kuka yana neman Almasihu yana ƙarƙashin Yahaya 6:37, inda ya ce mai zuwa gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Wani ya ji wa'azin da ke cewa mai bi na gaske ba ya talauci ba ya ciwo, shi kuwa ga shi a kwance. Ku karanta 2 Korantiyawa 11:23-27 ya ga abin da Bulus ya sha. Akwai kuma wanda damuwarsa ta jiki ce: ba ya barci, ba ya cin abinci, baƙin ciki ya danne shi makonni ba dalili. Ka yi masa addu'a, ka kuma raka shi asibiti.

Majinyata biyu ne a nan, maganinsu kuma dabam. Mai taushin lamiri, wanda ƙaramin laifi ke sa shi rawar jiki, alkawarai yake bukata. Wanda ke zaune cikin zina ko zamba hankali kwance, yana cewa ai ya karɓi Yesu tun shekara kaza, shi gargaɗi yake bukata: Matiyu 7:21-23, Yakubu 2:14-17 da 2 Korantiyawa 13:5. In aka musanya magungunan, an karya na farko, an kuma lallaɓa na biyu zuwa hallaka. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan ko mai bi na gaske zai iya rasa cetonsa, amma kada ka jefa sabon mai bi cikin wannan muhawara. Ɓangarorin biyu sun yarda cewa mai dogara ga Almasihu yau yana da dalilin natsuwa, mai taurare zuciya cikin zunubi kuwa ba shi da shi.

Zaman mako-mako

Ku tsayar da rana da lokaci, sa'a ɗaya a mako, aƙalla wata shida. Minti goma na farko na gaisuwa ne da tambayar yadda makon ya wuce, har da abin da ya ƙudura yi a zaman baya. Minti ashirin da biyar na karatu, goma na hadda, sauran na addu'a, shi ma ya yi da bakinsa ko da jimla uku ce. Da damina ku mayar da zaman yamma ko bayan sujadar Lahadi, kada aikin gona ya kashe shi.

Kada ya fara karatu daga Littafin Farawa, yawanci a Littafin Firistoci ake makalewa. Ku fara da Markus, sura 16, biyu a mako, wato mako takwas. Sai 1 Yahaya, sura 5, ɗaya a mako. Daga nan Bisharar Yahaya mai sura 21, sa'an nan Ayyukan Manzanni. A kowane nassi tambaya uku sun isa: me wannan ya nuna game da Allah, me ya nuna game da mutum, me zan yi a makon nan saboda shi. A gida ya keɓe minti goma sha biyar kullum, ya ɗauki addu'ar Matiyu 6:9-13 ta zame masa tsani. Ku yi amfani da juyi iri ɗaya, domin tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 yana cewa Matta da Yohanna, na 1979 kuwa Matiyu da Yahaya, kuma wannan kaɗai yakan rikita sabon shiga. In bai iya karatu ba, a sa masa na saurare a waya, a kuma shigar da shi ajin koyon karatu.

Kayan tsohuwar rayuwa

Wajen mako na uku ko na huɗu, in amana ta ƙullu, ka tambaye shi game da laya, guru, kambu, ƙaho da abin da aka binne a ɗaki ko a gona. Ku karanta Ayyukan Manzanni 19:18-19, inda masu sihiri a Afisa suka ƙone littattafansu da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Shi zai yanke shawara, kada a ƙwace masa, don wanda aka raba da layarsa da ƙarfi zai nemo wata a ɓoye. In ya shirya, a yi tare da fasto da dattijo ɗaya, a ƙone nasa kawai, ba a taɓa na iyaye ko na dangi. Daren farko tsoro yakan kama mutum, saboda haka wani ɗan'uwa ya kwana kusa da shi, su karanta Zabura 91 da Kolosiyawa 2:15.

Sai mayar da hakki. Zakka, mai karɓar haraji, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). Bashin da aka danne, iyakar gona da aka ci, mudun da aka rage, a zauna a lissafa, a tsara biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Amma laifin da fallasa shi zai iya rushe gidan wani ko jawo fitina, kamar tsohuwar zina, kada ya je furtawa sai ya shawarci fasto. Mai fama da burukutu ko ƙwaya ya sauya hanyar da yake bi da majalisar da yake zama, a kuma samo masa abin yi a daidai lokacin da ya saba sha.

Game da aure, 1 Korantiyawa 7:12-13 ta hana mai bi rabuwa da abokin zaman da bai ba da gaskiya ba muddin ya yarda su zauna. Wanda ya tuba da mata fiye da ɗaya, ka kai maganarsa gaban fasto da dattawa, domin ikkilisiyoyi suna da ƙa'idodi dabam-dabam, amma ko ta yaya aka yanke, ci da sha da suturar matan nan da 'ya'yansu suna wuyansa.

Idan danginsa ba Kirista ba ne, ka gaya masa gaskiya tun farko cewa bin Yesu yana iya jawo masa ƙi, kamar yadda Luka 14:28 ta ce mai gina soro ya fara zama ya yi lissafi. Kada ka yi masa alkawarin aiki, ko kuɗin makaranta, ko aure. Ka koya masa ya ƙara ladabi ga iyayensa fiye da dā, ya riga kowa zuwa gonar mahaifinsa, kada ya zagi addinin da ya fito ko ya shiga gardama a majalisa. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce a ba da amsa da tawali'u da girmamawa. Kada kowa ya sa hotonsa ko labarinsa a Facebook ko WhatsApp, kada kuma a tsayar da shi ba da shaida a gaban taro don a burge jama'a. Shi zai zaɓi lokacin da zai faɗa da wanda zai faɗa wa. Yaron da bai kai shekara 18 ba yana ƙarƙashin iyayensa, ba a ɗauke shi daga gida a ɓoye. In an kori baligi, taimako ya bi ta hannun ikkilisiya, kuma a fi ƙarfafa koya masa sana'a a kan ba shi kuɗi a hannu.

Baftisma da shiga jama'a

Ka rubuta sunansa a ajin baftisma da wuri, ka riƙa tambayarsa abin da aka koya. Ka bi tsarin ikkilisiyarku: ECWA da Baptist suna nutsar da wanda ya ba da gaskiya, EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) tana nutsarwa sau uku, Angilikan da Lutheran kuwa suna yi wa jarirai baftisma, daga baya a yi tabbatarwa. Abin da za ka tabbatar ya gane shi ne Romawa 6:3-4, an binne shi tare da Almasihu, an tashe shi zuwa sabuwar rayuwa. Kada ya ɗauki ranar a matsayin ranar sauke karatu, don da yawa daga nan suke daina zuwa. Zamanku ya ci gaba bayanta, ka kuma shirya shi don cin Jibin Ubangiji ta karanta 1 Korantiyawa 11:23-29.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin wata biyun farko ya san aƙalla gida uku na masu bi da zai iya shiga ya ci tuwo ba tare da kai ba, ya kuma shiga zumuntar da ta dace da shi. A ba shi ƙaramin aiki, shara, jera kujeru, raka masu gai da marasa lafiya. Shugabanci kuwa a dakata, 1 Timoti 3:6 ta hana ɗora sabon tuba a kai don kada girman kai ya kayar da shi, ko da shi mai kuɗi ne ko mai baki.

In ya yi fashin Lahadi biyu a jere, ka je a makon nan, kada ka jira na uku. Kunya ce ta fi hana wanda ya faɗi dawowa, kowane mako kuma tana ƙara kauri. Ka je kai kaɗai da farko, da tawali'un da Galatiyawa 6:1 ta faɗa, ka kuma riƙe sirrinsa. Abin da ya gaya maka ba na zaman majalisa ba ne, ba kuma na “roƙon addu'a” a gaban taro ba.

Za ka san reno ya kusa kammala in ya fara karatu da addu'a ba sai an tuna masa ba, yana kawo laifinsa da kansa tun ba a gano ba, yana kuma iya bayyana bishara cikin minti biyar. A lokacin sai ka bi 2 Timoti 2:2, wato wanda aka koya wa shi ma ya koya wa waɗansu. Da an sami wani sabon mai bi, ka tafi da shi zama na farko ya zauna ya saurara. A zama na uku ka bar shi ya bi da karatun Markus, kai kana gefe, ku tattauna inda ya yi daidai da inda ya yi sauri a hanyar komawa gida. Naku zaman kuma ya koma sau ɗaya a wata.